Daga Abuja zuwa Yola a ranar hazo

Ranar Talata da daddare ƙanina ya kira ni daga Jimeta. "Hamma, jikin Inna ya yi tsanani, sai tambayarka take yi." Hanyar mota na san ta kamar yunwar cikina: Keffi, Akwanga, Jos, Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, sannan Yola. Ta haura kilomita 800, wanda ya kama hanya da asuba da wuya ya isa kafin magariba. Zuciyata ba za ta iya wannan jiran ba. A daren na yanki tikitin jirgi, ko kuɗin ban tsaya dubawa sau biyu ba.

Ta sama nisan kusan kilomita 570 ne, domin jirgi ba ruwansa da kwane-kwanen tsaunukan Filato, gabas yake dosa ɗoɗar. A jikin tikiti an rubuta awa ɗaya da minti goma. Sai dai filin jirgin Nnamdi Azikiwe kansa yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, don haka ina idar da sallar asuba na fito, muka bi ta Lugbe gari bai gama wayewa ba.

Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Muna zaune aka sanar cewa hazo ya rufe Yola, matuƙi ba zai iya hango titin sauka ba, sai ya ɗan washe. Ban ga laifin kowa ba, rai ya fi gaggawa, amma awa ukun da muka yi muna jira sun fi mini tafiyar Gombe tsawo. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ga yadda nake juya waya a hannu, ta kwance bakin gyalenta ta miƙo mini dabino uku. "Ɗana, ci ka yi salati. Allah zai kai ka." Har yau ina yi mata addu'a.

Wajen sha ɗaya da rabi muka tashi. Irin wannan jirgin yana iya gudun kilomita 800 a awa, amma a gajeriyar tafiya hawa da sauka ne ke cinye lokacin. Da ƙyar aka gama raba ruwa da biskit aka ce a ɗaura bel. Ta taga babu abin da ake gani sai fari fat kamar an watsa toka. Da muka yi ƙasa sosai sai ga Binuwai, ruwan ya ja baya, yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiya, ga 'yan kwale-kwale kamar tsinken ashana. Nan hawaye suka zo mini, don a bakin kogin nan Inna ke hana mu wanka muna yara.

Na duba agogo: minti 55 muka yi a sama. Daga ƙofar gidana zuwa ƙofar gidanmu kuwa, awa bakwai da ɗoriya.

Na same ta a kwance, an jingina mata matashi biyu. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannuna ta ce, "Har ka iso? Jiya fa aka ce kana Abuja." Ta juya wajen ƙanwata a hankali. "A dama masa fura, bai ci komai ba."