Ƙafafun aro a tsohuwar Sienna

Motata Toyota Sienna ce ta 2001, irin ta farkon nan mai inji V6 da ke jan ƙafafun gaba. Ta yi ƙuruciyarta a Amurka, ta sauka Kwatano, ta yi shekaru hannun wani ɗan kasuwa a Yamai, sannan ta faɗo hannuna nan Tawa. A kan kwalta ba ni da abin faɗa a kanta, ko Ƙonni za ni ko Abalak. Matsalarta ƙauye. Garinmu yana can wajen Barmu, kuma da ka saki kwalta sai rairayi da gargada da kwazazzaban da damina ke bari. In na ɗauko iyali da buhun hatsi biyu, cikinta sai ya riƙa shafar ƙasa kamar akuya mai tsohon ciki. Ranar da tukunyar salansa ta daki dutse ta ɓalle, muka ɗaure ta da waya muka lallaɓo gida da ƙara kamar injin niƙa, ranar na yanke shawarar ɗaga ta.

A tunanina abin mai sauƙi ne: babbar ƙafa, doguwar mota. Wani zuwa da na yi Yamai na ga janti, wato ƙarfen da ake sa wa taya, guda huɗu na alminiyom masu inci 17 suna walƙiya a rumfar wani mai tayoyin gwanjo, da tayoyinsu a jiki. Yaron shagon ya ƙirga mini ramukan, biyar, ya ce dai-dai da na Sienna. A nan bai yi ƙarya ba, faɗin da'irar ramukan milimita 114.3 ne, irin na motocin Toyota da dama. Na biya jika 140, na ɗaure su a bayan mota ina jin kaina.

Da na kai su garejin da nake gyara, maigidan ya tsuguna ya daɗe yana duban gefen tayar. Sai ya ce, "Malam, wagga ƙahwa ba ta hanyarku ba ta." Na ce ya ɗaura kawai, kuɗi sun riga sun fita. Bai ƙara magana ba, sai dai ya aiki yaro kasuwa neman wasu notuna, don nawa ba su zauna a ramukan sabbin jantin yadda ya kamata ba. Wannan ma abu ne da ban taɓa sani ba: wani noti bakinsa a karkace yake, wani kuma shafe ne mai washa, wato ɗan faifan ƙarfe, kuma in ka ɗaure janti da wanda ba nasa ba, zai yi kamar ya kama alhali a hanya zai saki.

Motar ta yi kyau, wannan ba gardama. Ƴan unguwa har tsayawa suke su duba. Amma zuwan farko ƙauye na ji tana gugar ƙasa a wuraren da a da take wucewa lafiya. Kuma kowace tsakuwa sai na ji ta a ƙashin bayana. Uwargida ta ce, "Malam, motar ce ta tsufa dare ɗaya ko hanyar ce ta ƙara lalacewa?" Na yi shiru. A dawowa, gab da hawa kwalta, ƙafar gaba ta dama ta faɗa wani rami da bai kai ya kawo ba. Tayar ta yi ƙulu a gefe, jantin ya tsage.

Sai a lokacin na zauna da wani abokina malamin lissafi, muka ɗauki biro da takarda, ya karanta mini lambobin da na shekara da shekaru ina gani a gefen taya ban taɓa tambaya ba. Tayar asali ta motar 205/70 R15 ce. Wato faɗinta milimita 205, tsayin robar daga bakin janti zuwa ƙasa kashi 70 cikin 100 na wannan faɗin, jantin kuma inci 15. In ka haɗa duka, tsayin ƙafar ya kama milimita 668. Waɗanda na sayo 215/50 R17 ne, tsayinsu 647. Ashe kuɗina na sa na rage wa motar tsayi da santimita guda. Ƙarfen ne ya girma, robar ta ragu daga santimita 14 zuwa ƙasa da 11, ita kuwa robar nan da iskar da ke cikinta su ne katifar farko tsakanin mota da rami. Akwai kuma wata lamba a ƙarshe da ke faɗin nauyin da taya ke iya ɗauka. Tsofaffina 95 ne, kilo 690 kowace. Sababbin 91, kilo 615. Tayar ƙaramar mota na sa wa motar da ke ɗaukar mutum bakwai da hatsinsu.

Da na yi hankali da na koma kan ƴan 15 ɗina. Amma lissafin ya shiga kaina, na ce yanzu ai na gane. Na samo jantin ƙarfe na Toyota RAV4, inci 16, da tayoyi 215/70 R16, tsayi milimita 707. Waɗannan kam sun ɗaga ta, kusan santimita biyu. Rabin ƙarin kawai kake samu, tunda rabin ƙafa ne ke ƙarƙashin gatari, abin da mai sayarwa ba zai taɓa faɗa maka ba.

A rairayi na ji daɗinsu ƙwarai. In na rage iska kaɗan sai tayar ta baje, motar ta bi ta kai a maimakon ta tona. Sauran kuwa wahala ce. In na murɗe sitiyari har ƙarshe zan shiga ƙofar gida, sai ka ji ƙurrr, taya na cin robar da ke lulluɓe da ita ta ciki. Na sa aka yanke robar, aka bubbuga wani ɗan ƙarfe da guduma. Gaba ya yi shiru, baya ya ɗauka: da an cika motar, kowane tudu sai tayar baya ta taɓo jiki. Wata rana na sauka na shafa, na ji wani layi a kafaɗar tayar kamar an ja wuƙa, robar da ɗumi, ga ɓarɓashinta baƙi manne a bakin ƙarfen. Na dubi yaran da ke barci a kujerar baya, jikina ya yi sanyi.

Ga nauyin tashi. Babbar ƙafa kamar ka tayar da keke a babban giya ne, kuma giyar motar nan mai canza kanta ce, ta haura shekara ashirin. A hawa sai ta riƙa kai da komo tsakanin giya biyu kamar mai neman abin da ya ɓata. Birki ya ƙara nisa. Shan mai kuwa na san ya ƙaru, ko da yake awonsa ya rikice, don ita ma allurar gudu ta fara yi mini ƙarya. Ƙafar ta fi ta asali da kusan kashi 6 cikin 100, saboda haka a hanyar Badagishiri allura na kan 90, wayata na nuna 95. Safaya kuma tana nan ƴar 15 a ƙarƙashin mota. Da na yi faci a gaba, sai mai facin ya ciro ta baya ya mayar gaba, ya sa safayar a baya, don bai kamata ƙafafun da inji ke ja su bambanta tsayi ba. Aikin minti goma ya zama na rabin awa a cikin ranar Afrilu.

Na koma gareji a karo na uku. Maigidan bai ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya sa yara biyu suka hau bayan motar, ya nuna mini yadda ta durƙusa. Suka sauka, ya danna ta da hannu ya saki, ta yi ta rawa ba ta tsaya ba. Ya ce, "Malam, tun farko ba ƙahwa ta ba. Resor ɗin baya sun gaji, amortisa sun mutu. Tsohuwa ta, ƙugu ka yi mata ciwo, kai kana saya mata takalmi."

Aka canza resor biyu, wato murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, da amortisa biyu na baya, masu hana ta rawa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan mota suka yi tsada, amma duk da haka kuɗin bai kai rabin abin da na zubar a tayoyi ba. Bayan motar ya miƙe fiye da abin da manyan ƙafafun suka ba ni, kuma ya daina durƙusawa da buhu biyu.

Jantin RAV4 ɗin na bar su, sai dai na sauko zuwa 215/65 R16. Tsayinsu 686, bambanci da na asali bai kai kashi 3 cikin 100 ba, ba sa taɓa komai, lambar nauyinsu 98, kilo 750. Wannan karon da kaina na tsuguna a rumfar na duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar. Biyu daga cikin waɗanda aka fara mirgino mini zanensu fes kamar sababbi, amma na 2014 ne, gefensu ya fara tsattsagewa. Irin waɗannan ne ke fashewa a kwaltar Tawa da tsakar rana. Na mayar, mai rumfar ya dube ni ya ce ko ni ma sana'ata ce. Na sayi ta biyar don safaya.

Daga wannan duka, tsayin da taya ta ƙara mini milimita tara ne. Jantin alminiyom uku masu lafiya wani saurayi mai Camry ya saye su a rabin kuɗi, ya ce zai nemo na huɗu a Ƙonni. Tsagaggen kuwa masu narka tukwane na kai wa, suka auna shi a kilo, uwargida ta karɓi tukunya ɗaya da ludayi biyu a madadin kuɗin. A ciki ake dafa mana shinkafa ranar Juma'a.