Wa ya haifi kakanka?

Shagona na buga takardu ne tun farko: kwamfuta biyu, injin hoton takarda ɗaya, da janareta mai yawan tari, a wani lungu cikin birnin Kano. Aikin bin salsala ta ƙofar rabon gado ya shigo mini. Mutane kan kawo jerin magada in buga musu kafin su je gaban alƙali, a nan na lura gida guda sai ya kasa jera sunan mutum huɗu. Ni, ubana, kakana, daga nan sai a tsaya ana kallon juna. Wata rana wani dattijo ya ce, "Malam, tunda kana karanta ajami, ko za ka zo ka duba mana wata adaka?" Daga adakar nan sana'ar ta tashi. Yanzu mu uku ne: ni, da yaron da ke ɗaukar hoto da murya, da ƙanwata wadda ke shiga cikin gida inda ba a shiga.

In gaskiya za a faɗa, rabin aikin nata ne. Maza sun san layin uba da wanda ya taɓa riƙe sarauta. Amma wa ya auri wa, wa aka saka, wane ne agola, wane ne ɗan riƙo, su wa suka sha nono ɗaya, wannan duk yana ɗakin tsofaffin mata. Shi ya sa duk wanda ya zo yana tambayar inda zai fara, ba na tura shi gidan adana takardu na Kaduna ko intanet. Nakan ce ya sayi goro da turare ya je wajen wadda ta fi kowa tsufa a dangi, a makon nan, don takarda tana jira, tsohuwa ba ta jira.

Tambayar ma da yadda ake yin ta. Ka ce wa tsohuwa "Wace shekara aka haife ki?" ka kashe hirar. Bara ƙanwata ta zauna da wata mai kusan shekara casa'in, ta ce mata, "Iya, da aka kawo ki gidan nan wane sarki ne a Kano?" Ta ce Sanusi, kuma tana da cikin fari Sarauniyar Ingila ta zo. Shi ke nan, mun sami 1956. Da aka zo kan sunan maigidanta kuwa sai ta ja mayafi ta ce, "'Yar nan, ni in kama sunansa? Ai mai sunan Malam ne." Ɗan farinta ma ba ta faɗa. Sai da aka kira jikarta tana ambaton sunaye ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan na daidai tsohuwa ta yi shiru ta sunkuyar da kai.

A bangon shagona na manna jerin da muke awo da shi. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa 1893 zuwa 1895. Shigowar Turawa birni 1903. Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911. Canjin hannu a titi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Wanda ba Bakano ba sai ya haɗa na garinsu. Takardar rantsuwar shekaru kuwa ba na dogara da ita ko kaɗan, tunda a cikinta rabin gari ranar ɗaya ga Janairu aka haife su.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne suna. Mu ba mu da sunan gida da ake gada kaka da kakanni. Yaro sunan ubansa yake ɗauka, in ya shiga makarantar boko a da sai a liƙa masa sunan garinsu, kamar yadda aka sami Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga laƙabi ya danne sunan yanka: Tanko, Ɗanladi, Talatu, Azumi. Wanda ya ci sunan kakansa kuma ba a kiran sa da shi, sai Abba ko Baffa. Ni kaina na taɓa afkawa. Na haɗe Muhammadu biyu, kaka da jika, na mai da su mutum ɗaya, har na buga na kai. Mai aikin ya duba ya ce, "Malam, wannan kakan namu ya yi yaƙin basasar Kano kuma ya hau jirgin sama zuwa Makka?" Da kuɗina na sake bugawa. Tun daga ranar kowane suna sai na rubuta masa laƙabi, sana'a, unguwa, da wanda ya faɗa mini.

Fuska da unguwa ma suna magana. In akwai tsohon hoto, nakan kai wa dattijon wanzami ya karanta zanen, ya ce wannan askar Gobirawa ce ko ta Barebari. Sunayen unguwannin birni kansu shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Ba hujja ce yankakkiya ba, amma tana nuna inda za a sa ƙafa.

Sai bayan duk wannan ake zuwa takarda. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970. Sakkwato na da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, Kano na da hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Kada ka je da sunan kakanka kaɗai, ba wanda zai samo maka shi. Ka je da sunan ƙauye da gundumar hakimin da yake ƙarƙashinta, don a haka Turawa suka tsara rahotannin haraji da tarihin gundumomi. Ka kuma saki ranka da rubutunsu: Katsena, Hadeija, Momadu. Talaka bai cika fitowa ba sai in haraji, shari'a ko rigimar gona ta jawo shi. Jikan dagaci ko alƙali shi ke komawa gida da kaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, takan taimaka wajen naɗin sarauta da rasuwar manya.

Akwai abin da ba a so a ji. Kusan kowa da ya shigo shagona yana fatan ya fita Sharifi ko jinin sarauta. Da a kan yawan kakanni nake karɓar kuɗi, da tuni na haɗa rabin Kano da Bayajidda, amma a kan kwanakin aiki da tafiya nake karɓa. Wani lokaci abin da ke fitowa shi ne kakar kaka baiwa ce, ko kakan ya fanshi kansa, don bauta ba ta gama mutuwa a dokar Arewa ba sai 1936. In na ga haka, mai aikin kaɗai nake gaya wa, a keɓe. Yana da ikon cewa kada shafin ya shiga littafin da za a raba wa dangi. Abin da ba na yi shi ne ƙara kakan da ban gani ba. A littafinmu "an ce" gefensa daban, "na gani a rubuce" gefensa daban.

Intanet tana da ranarta, amma ba inda ake zato ba. Shafin bin salsala na FamilySearch kyauta ne, ana iya zana reshen dangi a ciki, sai dai da wuya ka buga sunan kakanka na ƙauye ya fito. Gwajin yawu na DNA da ake aikawa waje ba zai jera maka sunayen kakanninka ba. WhatsApp da Facebook su suka fi yi mana aiki, wajen nemo dangin da suka yi nisa: zuriyar fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, ko waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi a 1903 suka zauna a Mai Wurno ta Sudan.

Adakar dattijon nan da na fara ambata, gara ta ci kusan rabin abin da ke ciki. Muka fito da takardun ɗaya bayan ɗaya ba tare da sauya jerinsu ba, muka ɗauki hoton gaba da baya, na kuma hana su manne su cikin leda mai zafi, don tana lalata tsohuwar takarda. A bangon wani littafin fiƙihu wani malami ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da shekarun hijira. A cikin gafaka kuma muka tsinci wasiƙar ajami daga Kumasi, ƙane yana sanar da wansa cewa ya yi aure a zango, yana gaida mutum uku na gida da sunayensu. Iyalin sun san dai wani kawunsu "ya tafi Gwanja bai dawo ba". Muka tura hoton wasiƙar wa wani malami a zangon Kumasi, aka yi wata biyar shiru. Sannan saƙon murya ya shigo, wani tsoho da Hausarsa ta Gana yana jero sunayen nan uku na cikin wasiƙar, ya ƙara da na huɗu da mu ba mu da shi, na mace. Ƙanwata ta koma cikin gida da sunan, aka ce ai kishiyar kakarsu ce.