Kafin a ba injiniya mabuɗin wayoyin ofis

Wanda ya yi aikin ofis a Kaduna zamanin NITEL ya san layin 062, ya kuma san ma'aikaciyar da ke zaune gaban allon haɗa kira tana cewa "dakata in haɗa ka". Manhaja ce ta gaji aikinta, ta ƙara da kiran bidiyo, saƙon murya, hira ta rubutu da taron nesa, duk a wuri guda. Sana'ata koya wa injiniyoyi kula da irin wannan manhaja, galibi ta Cisco, wadda tsofaffin hannu har yau suke kira CallManager, sunan da ta zo da shi daga kamfanin Selsius da Cisco ya saya a 1998.

Masu turo mini ma'aikatansu kusan bakinsu ɗaya: a nuna wa yaran inda ake latsawa, a ba su takardar shaida. Ni kuwa ranar farko ba mai taɓa kwamfuta. Takarda da biro nake rabawa, in ce ga kamfani, hedikwata a titin Ahmadu Bello, sito a Kakuri, reshe a Zariya, wani a Kafanchan, ku raba musu lambobi. Nan ake fara gumi. Lamba huɗu za ta isa idan aka buɗe reshe a Kano? Wanda ya buga 0803 da wanda ya ajiye lambar da +234, ta yaya duka za su fita ta hanya ɗaya, a ina za a yar da sifilin? Wayar maigadi dole ta sami lambar gaggawa ta 112, amma me ya haɗa ta da Dubai? Wannan tambaya ta ƙarshe kuɗi ce tsabarsu. Akwai ɓarayin da ba su da aiki sai laluben ƙofar 5060, wadda SIP, ƙa'idar da ke ƙulla kira tsakanin wayoyi, ke amfani da ita, a faɗin intanet. Idan suka tarar da ita a buɗe daren Juma'a, kafin Litinin sun sayar da kiran ƙasashen waje da sunan kamfani, kuma kamfanin ne zai biya.

Sai mu shiga ɗakin gwaji, wurin da na fi jin daɗi. Ana sa wa wayar tebur kebul, ta ja wutarta daga suwic, akwatin da kebul ɗin wayoyi ke haɗuwa, ta cikin kebul ɗin nan, ta nemi adireshi, a haɗa mata da adireshin uwar garken da za ta ɗauko saitinta, sannan ta yi rajista. Wannan adireshi na biyu, a tsarin Cisco, ta zaɓi na 150 na DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, yake zuwa. Idan suka fita sallar azahar sai in goge shi. Su dawo su tarar waya ta kawo haske tana ta neman rajista. Wani yaro da ya gama Kaduna Poli ya juya ta, ya canja kebul, ya hura ramin, ya ce, "Malam, wannan ta lalace." Na ce, "Injiniya, wa ya gaya mata inda za ta je?" Ya yi shiru, ya shiga saitin wayar, ya ga gurbin babu komai. Bai sake neman a canja waya ba har muka gama.

Haka nake yi da kiran da wani ke ji, wani ba ya ji. Ɗalibi ya kan rantse layi lafiya yake tunda waya ta yi ƙara. To, ƙarar SIP ce ta kawo ta, murya kuwa wata ƙa'ida ce daban, RTP, ke ɗauke da ita, kuma hanyarsu na iya bambanta, bangon tsaro ya bar ɗaya ya tare ɗaya. Sai mun buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a layi, ya ga murya na tafiya ba ta dawowa yake yarda. Sauran lissafin da sauri muke wucewa: cikin hanyoyin mayar da murya bayanai, G.711 na cin kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 na cin 8 kacal, ban da kayan da ake lulluɓe su da shi, kuma jinkirin da ya haura milisakan 150 shi ke sa mutane biyu su riƙa katse juna.

Littattafan kwas ɗin an rubuta su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa. A nan, 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su kashe suwic maras batir, wayoyin bene guda su mutu tare, manaja na tsakiyar magana. Masu aikin titi kuma kan tsinke kebul ɗin da ya haɗa reshe da hedikwata. Saboda haka dole kowa ya saita na'urar reshe yadda za ta karɓi ragamar wayoyinta idan uwar garke ta ɓace, in zare kebul a gabansa, ya kira ni in ji muryarsa.

Wasu kan ce duk wannan ya tsufa, kowa ya koma Teams, manhajar kira da taro ta Microsoft, ga shi ma Microsoft ya rufe Skype for Business na intanet tun Yulin 2021. Gaskiya ne uwar garke ta bar ɗakin bayan ofis, amma wanda zai raba lambobi ya kuma tsare kiran waje yana nan ana nemansa.

Jarrabawar ƙarshe ba ta da tambayar zaɓi. Ina goge tsarin gaba ɗaya, in ce kowa ya dawo da shi daga ajiyar da ya yi. A nan ake gane wanda ya ajiye bai taɓa gwada dawowa ba, da wanda ya manta kalmar sirrin tsaron da aka kulle ajiyar da ita. Shugabanninsu kuma roƙona ɗaya gare su: tsofaffin wayoyi uku da suwic ɗin da ke shan ƙura a sito, a bar wa yaran su ci gaba da ɓatawa suna gyarawa, don kada su koyi aikin a kan layin da akanta ke jiran kiran banki.