Asabar: maɓallai 16 da maganar kalangu

Tun bayan sallar asuba na baje kayan a zaure, don a Sakkwato cikin Afrilu mai riƙe ƙarfen liƙi gara ya gama kafin rana ta take. Wuta ma ta yi mini kara, ba a ɗauke ba sai wajen sha ɗaya.

Abin da nake haɗawa ɗan akwatin katako ne, fuskarsa maɓallai 16, layi huɗu-huɗu. Shi kansa ba ya fitar da sauti. In ka danna, saƙo yake aika wa kwamfuta da MIDI, tsarin da kayan kiɗan lantarki ke fahimtar juna da shi tun 1983, ita kuma ta buga duk muryar da ka ɗora mata. Akwai na kamfani, irin Launchpad na Novation da ya fito a 2009 da maɓallai 64, amma kuɗinsa sai dai kallo daga nesa.

Ƙwaƙwalwar abin Pro Micro ce mai ATmega32U4, ɗan ƙaramin allon lantarki, wadda aka aiko mini daga Legas. Na zaɓe ta ne don ana iya sa kwamfuta ta gan ta ta USB a matsayin kayan kiɗa kai tsaye. Da kowane maɓalli zai ci ƙafa ɗaya, da ƙafafunta sun kusa ƙarewa, shi ya sa na saƙa wayoyin kamar tabarma: huɗu a kwance, huɗu a tsaye, ƙafa 8 ta ɗauke duka. Sai dai saƙar tana da sharaɗi. Kowane maɓalli sai an liƙa masa diyod, ɗan abin da ke hana wuta komawa baya, in ba haka ba ka danna uku da suka yi kusurwa, na huɗu ya amsa alhali ba wanda ya taɓa shi. Diyod irin 1N4148 na samo wurin wani mai gyaran rediyo a babbar kasuwa. Liƙa su da dalma shi ya cinye mini safiya, ga gumi na ɗiga kan allon.

Bayan azahar na koma kan batirin kwamfuta. Ƙarfen cikin maɓalli yakan yi ɗan tsalle-tsalle kafin ya zauna, dannawa ɗaya ta fito biyu, sai na sa manhajar ta riƙa jira kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ta yarda. Na jera sautukan a tashar MIDI ta 10, wadda aka ware wa ganguna, lamba 36 babbar ganga. Layin ƙarshe kuwa na ɗora masa kalangun da na naɗa da waya a wani biki.

Da la'asar Kawu ya leƙo.

"Kai, mi kaka yi da wanga akwati tun sahe?"

Na ce, "Kawu, danna nan ka ji."

Ya danna, ya saurara, ya sake dannawa. Sai ya girgiza kai. "Wanga ba kalangu ba ne, ɗana. Kalangu magana shika yi. Ina hammatar da ka matse shi?"

Gaskiyarsa. Makaɗi yana matse igiyoyin da hammata, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, har ka ji sunan mutum da kirarinsa sun fito. Maɓallina kuwa abu biyu ya sani, an danna ko ba a danna ba. Ko maɓalli 64 na jera ba za su ba ni wannan lanƙwasar ba.

MIDI na da saƙon lanƙwasa murya, daga 0 zuwa 16383, tsakiyarsa 8192. Abin da nake buƙata shi ne abin murɗa sauti irin na tsohuwar rediyo, in haɗa shi da ƙafar A0 ta Pro Micro, in maida karatunsa na 0 zuwa 1023 ya zama wancan saƙon. Matsalar ita ce hannuwa biyu na kan maɓallai, wa zai murɗa? Ina tunanin ɗaura masa ɗan katako da roba mai dawo da shi, in riƙa matsawa da gwiwar hannu. Kawu ya ce akwai matacciyar rediyo a ɗakinsa, in je in ɗauka gobe bayan walha, amma in bar masa eriyar.