Kwana uku ina duba marasa lafiya izinina ya mutu ban sani ba

Har yanzu in na tuna safiyar Alhamis ɗin nan sai gabana ya faɗi wallahi. Ina riƙe da bel ɗin wata tsohuwa da aka yi wa aikin ƙugu, muna takawa a hankali a baranda tana dafa keken koyon tafiya tana ƙirga taku da bakinta, sai ga manajar sashenmu ta leƙo ta ce in na zaunar da tsohuwar in same ta ofis. Ina shiga ta juyo min da fuskar kwamfuta. Izinina na aikin fisiyo, wato gashi da motsa jikin marasa lafiya, a jihar Arizona ta Amurka ya ƙare tun ranar 31 ga watan da ya wuce.

Na ce ai ba zai yiwu ba, ni da na sabunta lasisina na Texas tun sati uku kafin ya mutu, ga rasit ma a wayata. Ta ce ba na Texas take magana ba.

To nan ne inda na kwafsa. Mu 'yan fisiyo masu bin kwantiragin sati 13 jiha jiha, PT Compact, wato tsarin da wasu jihohin Amurka suka haɗu suka kafa don mai lasisin jiha ɗaya ya sayi izinin aiki a wata, shi ne ya sauƙaƙa mana rayuwa tun da aka fara sayar da izinin a 2018, kana da lasisin jihar da kake zaune, ka shiga intanet ka biya dala 45 ta hukumar Compact ɗin da kuɗin jihar da za ka, in suna son jarrabawar dokokinsu ka yi, shikenan ka fara aiki. Wanda ya taɓa zaman jiran cikakken lasisin Kalifoniya da ba ta cikin tsarin ya san darajar wannan. Amma izinin nan ranar mutuwarsa ɗaya da ranar da ke jikin lasisinka na gida lokacin da ka saye shi. Texas kuma duk shekara 2 ne, ƙarshen watan haihuwarka. Ni na ɗauka tunda na sabunta na gida, izinin zai bi shi da kansa. Ba ya bi. Sai ka koma ka sake saya da hannunka.

Abin da ya fi min ciwo, sake sayen bai ci minti 15 ba, a cikin mota na yi shi a wajen fakin hannuna na rawa. Minti 15! Amma Litinin, Talata, Laraba na riga na duba mutane na sa hannu a takardunsu ba izini, wannan ba ya gogewa. Aka dakatar da ni kwana 10 ba ko sisi, ga hayar ɗakin da na riga na biya, ga ta gidana na Houston tana jira. Mai nemo min aiki a kamfani ya yi ta ba ni haƙuri, ban ga laifinsa ba, lasisi nawa ne ba nasa ba. Imel ɗin tunatarwa ma na tarar da shi daga baya a cikin tarin saƙonnin da ban buɗe ba.

Kuɗin ma da sauƙi. Tsoron shi ne in hukumar lasisi ta hukunta ka, izininka na duk sauran jihohin ya tafi, kuma sai ka yi shekara 2 ba hukunci a kanka kafin ka sake samu. Ni da kaina na rubuta musu na faɗi abin da ya faru ban ɓoye komai ba, na yi watanni ina buɗe akwatin wasiƙa da addu'a a bakina. Ko Hajiya ban gaya wa ba, in ta kira daga Kano ta ce "Auta ya aiki?" sai in ce Alhamdulillahi in canja magana. Allah ya rufa asiri abin ya wuce ba hukunci, amma ba na yi wa kowa fatan wannan jiran.

Yanzu ranar da na sabunta na Texas, ina ganin sabon kwanan wata ya fito a shafin Compact ba na tashi daga kujerar sai na sake sayen izinin kowace jiha da nake aiki a ciki. Kuma don Allah in saura wata 2 lasisinka na gida ya mutu, fara sabunta shi tukuna kafin ka sayi izini, in ba haka ba cikakken kuɗi za ka biya a ba ka na wata 2 kacal, ka manta kamar yadda na manta.