Abin da Faya-fayan Frank Zappa Suka Koya Mini a Ɗakin Tace Sauti

A watannina na farko na koyon aikin tace sauti a wani gidan rediyo, maigidana ya miƙa mini faifan Roxy & Elsewhere na Frank Zappa, wani makaɗi ɗan Amurka, ya umarce ni da in saurare shi, in rubuta a takarda duk inda kiɗan ya sauya taki. Na ɗauka horo yake yi mini, domin ban taɓa jin sunan mutumin ba, kuma abin da ya fara shiga kunnena ya fi kama da hayaniyar makaɗan da kowannensu ya kama gabansa.

Sai a sauraro na huɗu na gane kuskurena. An ɗauki mafi yawan faifan ne a gaban 'yan kallo a Disamban 1973, a wani gidan wasa na Hollywood, kuma masu ganga biyu ne a kan dandamali, ga Ruth Underwood tana buga marimba, wani kayan kiɗa mai jerin katakai da ake bugawa da sanduna, ga George Duke a kan piyano, amma duk lokacin da takin ya karye sai su faɗo a wuri ɗaya tamkar hannu guda ne ke bugawa. Zappa yana da alamu na hannu da yake yi wa makaɗansa, waɗanda za su iya juya waƙa zuwa wani salo dabam a tsakiyar wasa, kusan yadda gogaggen mawaƙi ke juya 'yan amshinsa da ido. Bayan haka na fahimci inda wannan gwanintar ta fito: ƙungiyar da ya yi rangadinsa na ƙarshe da ita a 1988 ta yi watanni tana bita, har ta haddace waƙoƙi sama da 100 kafin ta hau dandamali. Akwai ma wani kiɗa da ya rubuta wa mai gangarsa Terry Bozzio, wanda aka sa wa suna The Black Page saboda alamomin kiɗan sun cika takardar har ta yi baƙi. Ni kuwa a lokacin ina shiga ɗakin ɗaukar shiri ba tare da na gwada ko makirufo ɗaya ba, ina ganin hakan shi ne ƙwarewa.

Darasin da ya fi taɓa aikina shi ne yadda yake ajiya. Zappa yakan ɗauki sautin wasanninsa ya adana a wani rumbu a gidansa na Los Angeles, kuma bai ɗauki kaset a matsayin abin tunawa kawai ba, kayan aiki ne a wurinsa. A faifan Joe's Garage na 1979 ya ciro sautin jitarsa daga wasannin da ya yi a bainar jama'a, ya ɗora shi a kan wani kiɗa dabam da aka ɗauka a situdiyo, wanda takinsa ma bai yi daidai da na asalin ba, sai haɗin ya haifar da abin da babu wanda ya taɓa bugawa a zahiri. Daga wannan rumbun ne kuma ya tsamo jerin faya-fayai shida na You Can't Do That on Stage Anymore tsakanin 1988 da 1992, inda a waƙa ɗaya za ka ji ya haɗa makaɗan wata shekara da na wata shekara ba tare da kunne ya kama ɗinkin ba. Tun daga nan na daina goge abin da na ɗauka don kawai ba a sa shi a iska ba, na kuma fara rubuta rana da wuri a kan kowane fayil.

Ba duk abin da ya yi nake yabawa ba. Baitocinsa da dama cike suke da batsa da ba'a, kuma ba zan sa su a shirina ba, ko da yake na san ya tsaya gaban wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka a 1985 yana adawa da liƙa wa faya-fayai masu irin waɗannan baitoci tambarin gargaɗi. Kunnensa nake koyi da shi, kunnen da tun yana yaro ya kamu da kiɗan Edgard Varèse, wani mai tsara kiɗa haifaffen Faransa.

Faifan da nake komawa gare shi yanzu shi ne The Yellow Shark, wanda ƙungiyar makaɗa ta Ensemble Modern ta buga a Frankfurt ta Jamus a Satumban 1992, lokacin da ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa har bai iya jagorantar wasan duka ba. A cikinsa akwai kiɗan da ya fara tsarawa a Synclavier, wata na'urar kiɗa mai aiki da kwamfuta, wadda ya rungume ta domin tana buga abin da yake ganin ya fi ƙarfin yatsun mutum, sai ga makaɗa masu jini a jika sun buga shi a gabansa. Ya rasu ranar 4 ga Disamba, 1993, yana da shekara 52, 'yan makonni bayan fitowar faifan.