Asabar a lambun bayan gida da furen ƙararrawa

Jiya da daddare an tafka ruwa a nan Manchesta, shi ya sa ina idar da sallar asuba na zura takalmin roba na leƙa lambun bayan gida, don na san halin dodon koɗi musamman marar kwanson nan, ruwa na sauka suke fitowa. Ilai kuwa, sun yi wa ganyen kamfanulata, wato furen ƙararrawa, huji-huji, ga yauƙinsu na sheƙi a kan bulo. Wallahi raina ya sosu. Na bi na tsince su da hannu na zuba a bokiti, sannan na barbaɗa maganin ferric phosphate, tunda wancan na metaldehyde an hana amfani da shi a lambu a ƙasar nan tun Afrilun 2022, yana illa ga bushiya da tsuntsaye.

Da rana ta ɗan fito sai na ɗauko almakashi na zauna gaban Campanula carpatica, gajeriyar kamfanular nan da asalinta tsaunukan Karfatiya na Turai ne, tsawonta bai fi santimita 30 ba amma idan ta buɗe shuɗi sai ta lulluɓe ganyen gaba ɗaya. Aikin shi ne ka bi duk furen da ya yanƙwane ka datse shi tun kafin ya fara ɗaure iri, sai ta ci gaba da fitar da sabo har ƙarshen bazara, in ka bari kuma ƙarfinta ya tafi wajen iri furen ya tsaya. Yana cin lokaci fa, ga wani farin ruwa mai danƙo da ke fitowa a inda ka yanke yana manne yatsa, amma ni aikin nan yana min daɗi sosai, ƙudan zuma na ta shiga cikin furen suna fita a gefena ba ruwansu da ni.

Abin da na fi kula da shi a shukar nan dai ƙasa ce. Ba ta son ruwa ya kwanta mata a saiwa, ruɓewa take yi musamman da hunturu, ƙasarmu kuma laka ce, don haka duk inda zan dasa sai na cakuɗa da tsakuwa ƙanana da takin ganye. Sanyi kam ba ya damunta.

Bayan la'asar ni da autata muka yafa irin wata kamfanular, Canterbury bells, a tire. Irin ƙanana ne kamar ƙura, a sama ake yafawa a ɗan danna, ba a binnewa don yana son haske kafin ya tsiro. Ta ce Mama yaushe zai yi fure, na ce sai baɗi in Allah ya kai mu, bana ganye kawai zai yi, shekara ta biyu ya yi fure ya zubar da iri ya mutu. Ta ɓata fuska wai ya yi nisa.

Dab da magariba maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta miƙo min wani dunƙulen shuka ta saman katanga, ina ganin ganyen da saiwar na gane rapunculoides ce, kamfanular nan mai bin ƙarƙashin ƙasa ta mamaye ko'ina, ko guntun saiwa ka bari sai ta dawo. Na yi mata godiya sosai, amma a tukunya na sa ta ita kaɗai, ba za ta taɓa ƙasar lambuna ba.